Kaset, Faifan Garmaho, CD ko Waya: Da Wanne Za Ka Koma 1985?

Wani abokina da muka kwana ɗaki ɗaya a makarantar kwana ya yi ritaya bara. Da haƙƙinsa ya fito, ya gyara rufin gida, ya biya kuɗin makarantar yara, sai ɗan abin da ya rage ya fara yi masa ƙaiƙayi a aljihu. Ya kira ni da dare ya ce, “Mutumina, so nake in dawo da kiɗanmu. Na Michael Jackson da Lionel Richie da Phil Collins da su ABBA. Amma na rasa ta inda zan kama. Wani ya ce in sayi garmaho, ɗana ya ce komai na cikin waya, ni kuma zuciyata na wajen kaset.” Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Amsar da na haɗa masa ce na ga ya kamata in baje, don na san ba shi kaɗai ne wannan kewa ke damu ba.

A lokacinmu yawancin gari waƙar Indiya da Shata da Ɗanƙwairo suke ji, mu ma muna ji. Amma akwai wani rukuni na ’yan makaranta a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da kunnensu ya karkata zuwa Amurka da Ingila. Muna kama su a tashoshin FM, wani lokaci a gajeren zango daga Africa No. 1 ta Gabon, sauran kuma daga kaset ɗin da wani ya aro daga yayansa da ke jami’a. Boney M da ABBA da Bee Gees ragowar shekarun 1970 ne da suka tsallako tare da mu. Sai kundin Thriller na Michael Jackson ya fito a ƙarshen 1982 ya share fage, aka shiga zamanin Madonna da Prince da Whitney Houston da Tina Turner da Dire Straits da Queen. Sade kuwa muna yi mata kallon tamu, tunda a Ibadan aka haife ta. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba: abin da kunne ya sha tsakanin shekara goma sha biyar zuwa ashirin da biyar ba ya sakin mutum, ko da bana ta yi albarka. Batun hukuncin sauraron kiɗa kuma ba shi ya tara mu ba, kowa ya san malaminsa.

Hanyoyi huɗu ne a gaban mai wannan buri, kuma ba su yi daidai da juna ba ko kusa, musamman a ƙasa mai zafi da ƙura da ɗaukewar wuta.

Da kaset zan fara, don nan zuciya take. Kamfanin Philips na Holan ne ya fito da shi a 1963, Sony kuma ya ƙara masa farin jini da Walkman a 1979. Mu ta nan muka san kiɗan nan gaba ɗaya. Kaset C90 na TDK ko Maxell yana da minti 45 a kowane gefe, Thriller kuma minti 42 ne da ’yan daƙiƙoƙi, don haka yana zama cif a gefe ɗaya, ka cika ɗayan da Lionel Richie. Ka rubuta sunayen waƙoƙi da biro a jikin kwalin, rabinsu da kuskuren Turanci. In batir Tiger ya fara sanyi, ka zura biro Bic a ramin kaset ka yi ta juyawa don kada ka ɓata sauran ƙarfin wajen mayar da zare baya. In rikoda ta cinye zaren, ka zaro shi a hankali, ka miƙar da shi, ka yanke inda ya tauye, ka liƙe da jan farcen ƙanwarka. Har yau akwai waƙar da nake jiran ta yi tsalle a wani baiti, saboda a kaset ɗina nan ne aka yi ɗinkin.

Duk wannan daɗi ne a tunawa. Amma in za a faɗi gaskiya, kaset shi ne mafi rauni a cikin huɗun. Zarensa siriri ne, kuma yana tafiya a hankali, santimita 4.76 kacal a daƙiƙa, shi ya sa ba ya rabuwa da wannan “shhh” ɗin a bayan kiɗa. Tsarin Dolby da ake sa wa rikoda an ƙirƙiro shi ne don rage wannan hucin, kuma sababbin rikodojin da ake ƙerawa yanzu ba su da shi. Kai, sababbin ma yawanci injin cikinsu na roba ne mai araha, suna jan zare da rawar murya, har ka ji mawaƙi kamar mai jin sanyi. Tsofaffin masu kyau, irin su Pioneer da Akai da Technics da JVC, sun haura shekara talatin ko arba’in, bel ɗin robar cikinsu ya narke ya zama kamar kwalta, kuma masu gyaran rediyon da suka san cikinsu suna ta ƙarewa, ’ya’yansu sun koma gyaran waya. Su kansu kaset ɗin namu kwafi ne na kwafi, an ɗauka daga wani kaset da aka ɗauka daga wani faifai, sannan suka kwana shekara arba’in a cikin kwali a ƙarƙashin gado. Don haka abin da na ce wa abokina shi ne kada ya kashe ko sisi wajen sayen kaset. In yana da nasa na da, musamman wanda ya naɗa daga rediyo har da muryar mai gabatarwa, ko wanda wata ta haɗa masa da rubutun hannunta a jiki, to ya nemo tsohuwar rikoda mai lafiya, ya goge kanta da auduga da sifirit, ya juye su cikin kwamfuta sau ɗaya. Wannan ceto ne, don babu wani kanti a duniya da zai sayar masa da irinsu.

Faifan garmaho shi ne wanda ake yayi yanzu, kuma shi ne ya fi buƙatar a yi masa dogon bayani, don nan kuɗi ke zurarewa. A Amurka, a 2022, an sayar da faifan garmaho kusan miliyan 41, CD kuma miliyan 33, karon farko ke nan da garmaho ya wuce CD a yawa tun 1987. Wannan labari ne ya sa mutane da yawa suka ɗauka cewa lallai sautinsa ya fi. Ba haka zancen yake kai tsaye ba.

Abin da garmaho ke da shi wanda babu mai ja: girma da kwarjini. Kwali mai faɗin inci 12, hoton mawaƙi kamar ka yi masa magana, baitoci a rubuce a ciki. Ka zaro faifan da hannu biyu, ka ɗora, ka sauke allura, ka ji ɗan ƙaras-ƙaras ɗin nan kafin ganga ta shigo. Bayan minti ashirin da ’yan kai sai ka tashi ka juya. Wannan hidimar tana tilasta wa mutum ya zauna ya saurara, ba ya tsallake waƙa, ba ya duba saƙo. Kuma ga kiɗan shekarun 1970, irin na Fleetwood Mac da Eagles da Led Zeppelin da farkon ABBA, garmaho ne gidansu na asali. Da shi a rai aka jera waƙoƙin, aka san wacce za ta buɗe gefe na biyu.

To amma dubi abin da yake nema a wurinka. Na’urar juya faifan kaɗai ba ta isa ba. Siginar da allura ke fitarwa ƙarama ce ƙwarai, sai an bi da ita ta wani ƙaramin amfilifaya na musamman, wanda a tsofaffin amfilifaya za ka ga an rubuta Phono a bakin raminsa. In naka ba shi da wannan rami, wani sayayyen ne kuma. Allura tana cinyewa bayan ’yan ɗaruruwan awoyi zuwa dubu, kuma allurar da ta dakushe ita ke kashe faifai. Waɗannan ƙananan garmaho masu kama da akwatin boko da ake tallatawa da araha, hannunsu na danna faifai da nauyin giram biyar ko fiye, alhali mai kyau giram biyu ne ko ƙasa da haka. Ka sayi faifai mai tsada ka ɗora a irinsu, kamar ka sayi shadda ce ka kai wa mai koyon ɗinki.

Akwai wani tarko kuma da ’yan gwanjo ba za su gaya maka ba. Wutar Amurka bolt 120 ce mai bugun 60 a daƙiƙa, tamu da ta Nijar 220 zuwa 230 ce mai bugun 50. Taransifoma tana gyara maka bolt, amma ba ta gyara bugun. Tsofaffin garmaho da yawa motarsu da bugun wutar take auna gudunta, don haka wanda aka yi wa Amurka in ya zo nan sai ya riƙa juyawa a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida. Whitney Houston za ta koma kamar namiji mai mura. Haka in janareta na hawa da sauka, muryar ma za ta riƙa binsa. Mafita ita ce ka nemi wanda aka yi wa Ingila ko sauran Turai, ko kuma irin waɗanda ke da agogon kwatz a ciki mai riƙe gudu, kamar Technics SL-1200 MK2 da ya fito a 1979, wanda masu kiɗan disko suka riƙe shekara da shekaru. Shi kuma tsadarsa ta isa.

Sai yanayi. Faifan roba ne, zafi na lanƙwasa shi. A watan Afrilu, lokacin da Kano ko Sakkwato ko Maradi ke kaiwa digiri 40 a inuwa, faifan da aka manta a bayan mota ko kusa da taga zai koma kamar faranti da aka taka. Dole a jera su a tsaye, kada a ɗora wani kan wani, a ɗaki mai sanyi. Hunturu kuma nasa sharrin daban: iska ta bushe, faifai ya riƙa jan ƙura kamar maganaɗisu, ƙurar ta shige cikin layukan da allura ke bi. Kafin kowane saurare sai an share. Wanda ke zaune a Jos ya fi mu sauƙin wannan.

Ta fuskar sauti kuma, akwai abin da ya kamata mai son kiɗan 1980 zuwa 1989 ya sani. Garmaho ba ya ɗaukar dogon lokaci ba tare da an rage ƙarfi ba, kuma waƙoƙin da ke kusa da tsakiyar faifai ba sa fita tas kamar na baki. Kundin Brothers in Arms na Dire Straits, na 1985, misali ne mai kyau: a CD ya kai kusan minti 55, amma don ya shiga garmaho sai da aka datse waƙoƙi da dama, aka zubar da kusan minti bakwai ko takwas. Wanda ya saya a garmaho na asali bai samu kundin duka ba. Sannan yawancin sababbin faifan da ake bugawa yau daga fayil ɗin kwamfuta ake yanko su. Wato ka biya kuɗi mai yawa, da kuɗin jirgi da na kwastan, don ka ji abin da asalinsa dijital ne, an ƙara masa ƙaras-ƙaras.

Wannan ya kawo mu ga CD, wanda ni a ganina shi ne aka fi zalunta a wannan muhawara. Ba shi da kwarjinin garmaho, ba shi da tausayin kaset, ba shi da sauƙin waya, shi ya sa kowa ya juya masa baya. Kuma daidai wannan ne ya sa ya yi arha.

CD ɗan shekarun nan ne na haƙiƙa. Philips da Sony suka haɗa kai suka yi shi, ya shiga kasuwa a Japan a watan Oktoba na 1982, wata guda da ’yan makonni kafin Thriller. Cikin faifan farko da aka buga a masana’antar Langenhagen ta Jamus akwai The Visitors na ABBA. Brothers in Arms da na ambata shi ne kundin farko da ya sayar da kwafi miliyan ɗaya a CD, kuma tun a situdiyo da na’urar dijital aka naɗe shi. Irin sautin zamanin, gangar lantarki mai tsawa, da sintesaiza mai ƙyalli, da shirun da ke ratsa tsakani kafin ganga ta faɗo kamar a waƙoƙin Phil Collins, duk a CD suka fi fita, don babu huci babu ƙaras a bayansu. Faɗinsa santimita 12, yana ɗaukar minti 74 zuwa 80, babu abin da ke taɓa shi sai haske, don haka saurare ba ya cinye shi. Ka ji shi sau dubu, yana nan yadda yake. Ƙura ba ta shiga cikinsa, a goge kawai. Zafin ɗaki ba ya lanƙwasa shi, in dai ba a bar shi a rana ba. Kuma ba sai ka nemi wata na’ura ta musamman ba: tsohuwar DVD ɗin da ke falo tana karanta shi, haka motoci da yawa na gwanjo.

Sai dai CD suna suka tara, kuma a nan ne ake buƙatar ido. Na farko, akwai na jabu, da wanda aka ƙona a kwamfuta. In ka juya bayansa ka ga launin kore-kore ko shuɗi-shuɗi, ƙonawa aka yi, kuma irinsu rini ne a ciki, yana dusashewa da zafi da haske. Na kamfani bayansa azurfa ne, da ƙananan lambobi a zagayen ramin tsakiya, da ɗan littafi mai bugu tsaf. Wanda kuma aka rubuta waƙa 150 a faifai ɗaya, wannan MP3 ne aka matse aka zuba, sunan CD kawai ya ara.

Na biyu ya fi muhimmanci, kuma mutane kaɗan ne suka lura da shi. Daga tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙara ƙarfin sauti. Sai a ɗauko tsohon kundi a sake gyara shi, a ɗaga wuraren da suke a hankali, a danne wuraren da suke da tsawa, komai ya zo daidai wuya, a rubuta “Remastered” a jiki. Da farko sai ka ji kamar ya fi, don ya fi ƙara. Bayan waƙa uku kunne ya gaji, kuma gangar da a da take dukan ƙirji ta zama kamar ana buga katifa. Ba duk gyara ne ya lalace ba, akwai waɗanda aka yi da hankali. Amma in ka samu bugun farko na shekarun 1980, wanda a kan same shi a cikin kayan gwanjo da ake zubarwa daga Turai, ka riƙe shi. Za ka ji kamar ba shi da ƙarfi, sai ka murɗa amfilifaya sama kaɗan, a nan ne zai buɗe. A bayan irinsu sau da yawa akwai haruffa uku, AAD ko ADD ko DDD, masu nuna ko da zare aka naɗi kiɗan ko da dijital. Kada wannan ya dame ka, duka ukun akwai masu daɗi.

Wajen dubawa kafin saye, ɗaga faifan ka kalli haske ta cikinsa. In ka ga ƙananan huji kamar na allura, ko launin ya fara komawa ruwan tagulla daga baki, ajiye shi. Ƙarzuwa a gefen rubutu ta fi ta gefen ƙyalli haɗari, don bayanan sun fi kusa da can. In za ka goge, daga tsakiya zuwa baki, kada ka bi zagaye. Da ka kai gida kuma, ka juye shi cikin kwamfuta a tsarin FLAC, wanda ba ya zubar da komai daga sautin. Kundi ɗaya zai ci megabait ɗari uku ko huɗu. Daga nan ka zuba a memori ko filasha, ka ji a mota, faifan kuma ya huta a kanta.

Waya fa? Ɗan abokina bai yi ƙarya ba. YouTube da Spotify, wanda ya iso Najeriya a 2021, da Apple Music da Boomplay da Audiomack sun ajiye maka abin da a da sai ka yi shekara kana nema. Akwai waƙar da na yi shekara talatin ina rera amshinta da Turancin da ba Turanci ba, ban san sunanta ba, ban san mai ita ba. Cikin minti biyar waya ta warware min. A nan babu mai kama ƙafarta. Kuma ita kaɗai ce ke ba ka hoto mai motsi. Kiɗan shekarun nan rabinsa kallo ne, tun da tashar talabijin ta waƙoƙi MTV ta buɗe a 1981. Wasan Live Aid na 13 ga Yuli 1985, wanda aka yi a Wembley da Philadelphia don tara wa masu yunwa a Habasha taimako, da minti ashirin ɗin da Freddie Mercury, mawaƙin Queen, ya riƙe filin nan a tafin hannunsa, ba abin da garmaho zai iya nuna maka ba ne.

Lissafin data ma bai kai yadda ake tsoro ba in sauti kaɗai ne. A matsakaicin inganci awa ɗaya ba ta wuce megabait 45 zuwa 70, a babban inganci kuma kusan 145. Bidiyo ne ke shanye data. In kana biyan kuɗin wata, kana iya sauke waƙoƙin lokacin da sabis ke da kyau ka ji daga baya.

Matsalar waya uku ce, kuma ta farko ita ce waƙoƙin ba naka ba ne. Haya kake yi. Ran da ka daina biya, ko katinka ya ƙi wucewa, abin da ka sauke ya kulle. Mai waƙa ma na iya janye kayansa: Prince ya kwashe waƙoƙinsa daga yawancin manhajojin nan a 2015, ba su dawo ba sai a 2017, bayan rasuwarsa. Ta biyu, ba kai ke zaɓar bugun da za ka ji ba, yawanci wanda aka sake gyarawa ne suke ajiyewa, wani lokaci ma sabon naɗi ne da mawaƙin ya sake yi da tsufansa, sai ka ji waƙar ce amma ba ita ba ce. Ta uku kuwa hali ne. Da waƙa miliyan a hannu, mutum ba ya ƙarasa ko ɗaya. Ka fara wannan, amshi bai zo ba ka tsallaka, saƙon WhatsApp ya shigo, kira ya katse. Mu da muka san zaman jiran mai gabatarwa ya sako waƙarmu, yatsa a kan maɓallin naɗi, muna roƙon kada ya yi magana a kanta, mun san cewa rabin daɗin a jiran yake. Masu turi na bakin kasuwa kuma suna da amfaninsu, amma abin da za su zuba maka a memori sau da yawa an matse shi har ya rame, da sunaye a hargitse, da muryar wani yana tallan shagonsa a tsakiyar waƙa.

Akwai wuri ɗaya da duk wannan lissafi nawa ke juyewa, wato kiɗan gida. Mu ma muna da namu rok da pop: Ofege, ’yan makarantar St. Gregory’s ta Legas, da BLO, da Funkees, da Bongos Ikwue wanda ya yi karatu a ABU Zariya, da Chris Okotie da Onyeka Onwenu da Felix Liberty, da Bala Miller a Kaduna. Waɗannan a garmaho da kaset suka fito, a ƙarƙashin kamfanoni irin su EMI da Decca da Tabansi, kuma da yawansu ba a taɓa buga su a CD a lokacin ba. Wasu kamfanonin waje, irin su Soundway na Ingila, sun sake fitar da zaɓaɓɓu daga baya, amma abin da ya rage a faifan asali kaɗai yana da yawa. Turawa masu tara faifai sun daɗe suna zagaye suna kwashewa. Saboda haka in akwai kwalin irin waɗannan a ɗakin mahaifinka, kada ka bari yara su yi wasan jifa da su, kuma kada ka sayar wa mai zagaye a farashin gwangwani. Don su kaɗai ma ya halatta a sayi garmaho.

Wani abu da na nanata wa abokina: kafin ya damu da faifai, ya damu da lasifika. Bambancin da ke tsakanin CD da waya mai inganci ƙarami ne, kunnen ɗan shekara sittin da ya sha ƙarar janareta da hon ɗin Legas ba lallai ya kama shi ba. Amma bambancin da ke tsakanin lasifikar waya, ko ƙaramar bulutut mai kama da gwangwanin madara, da manyan lasifika biyu na katako da tsohon amfilifaya, ko kurma ya san da shi. Abin da muke tunawa daga ɗakin taron makaranta ranar Asabar da dare shi ne yadda bes ke shiga ciki, kuma wannan aikin iska ne da katako. A raba lasifikan biyu da tazarar taku uku ko huɗu, a zauna a tsakiya, a sa musu sitabilaiza saboda wutarmu.

Ga yadda na raba masa kuɗin a ƙarshe. Kaso mafi tsoka ya tafi ga amfilifaya da lasifika na gwanjo, waɗanda aka yi wa wutar Turai, kuma a gwada su a gabansa kafin ya biya. Ya riƙe waya a matsayin ɗan aike, da ita zai gano sunayen waƙoƙin da suka ɓace masa, ya kuma tantance waɗanda har yanzu suke motsa shi, don zai yi mamakin yawan waɗanda ba su tsufa da kyau ba. Waɗanda suka tsallake wannan siraɗi, ba za su wuce kundi ashirin ko talatin ba, su ne zai bi a hankali ya nema a CD na asali. Garmaho sai in yana da ɗaki mai sanyi, da haƙurin share ƙura, da faifan gida da ya gada, ko kuma in zuciyarsa ta fi karkata ga shekarun 1970. Wanda ke zaman haya yana yawan tashi, ko ɗalibi, ko mai ƙaramin ƙarfi, waya da belun kunne mai kyau sun ishe shi, kada wani ya sa shi jin cewa ya gaza.

Bayan wata biyu na kai masa ziyara. Ya bi shawarar, ban da guda ɗaya: ya je ya sayo tsohuwar rikoda mai kaset biyu, ya ce ko ba ta aiki yana son ganinta a kan kanta. Ya sa min CD ɗin Prince, muka zauna muna ji, matarsa ta kawo shayi. Can ’yarsa da ke aji uku a jami’a ta leƙo, ta tsaya ta saurari baiti biyu, ta dube shi ta ce, “Baba, kun san abin da mutumin nan yake faɗa kuwa?” A 1985 ba mu sani ba. Yanzu mun sani. Ya miƙa hannu ya tsallake zuwa ta gaba.